Ɗan Fari Ba Shi da Suna a Bakin Uwarsa

Ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar mai shayin nan na unguwar Mansura a nan Doha, inda 'yan Arewa ke taruwa, wani cikinku ya ɗaga wayarsa ya ce mini, "Baba Malam, aikinka fa ya mutu. Ga shi nan a aljihuna." Ya yi wa wayar Hausa, ta mayar masa da Larabci, aka yi dariya. Ni ma na dara, don Larabcin ba laifi. Na koyar da ɗalibai a Zariya waɗanda ba su kai wayar nan ba, wasunsu kuma yau suna da ofis da direba. Amma ku matasa ba ku jiran tsoho ya gama tari kafin ku sauya zance, shi ya sa na ce bari in rubuta amsata.

Ni tafinta ne. Ina aiki da wani ofishin fassara mai lasisi a nan Doha. Rabin aikin a kan tebur yake, fassarar takardun aure da na makaranta da na asibiti. Ɗaya rabin a tsaye ake yin sa, tsakanin Bahaushen da ba ya jin Larabci da Balaraben da bai taɓa sanin akwai wani abu wai shi Hausa ba.

Gadi ya kawo ni ƙasar nan, kamar yawancinku. Ina tsaron wani sito a Sana'iyya, unguwar masana'antu, takardar shaidar Larabcina tana can ƙasan jaka tare da maganin shawara. Wata rana ƙofar babbar mota ta datse hannun wani direba ɗan Gusau, aka ce in raka shi asibiti tunda ina jin yaren. Likita ya tambaye shi inda ke ciwo, ya nuna, ya ce, "Nan." Ni kuwa da na daɗe ban sami wanda zan yi wa Larabcin littafi ba, sai na zuba wa likita jimla mai kai da ƙafa har da karin magana. Wani tsoho da ke zaune a benci ya jira muka fito, ya kira ni da wata irin Hausa mai ƙamshin zamanin kakanni. Ya ce, "Samari, shi ya ce nan. Kai kuma ka hau mumbari."

Shi ne Shehu Tijjani, Bahaushen Sudan, jikan mutanen da suka tafi Makka a ƙafa suka tsaya a hanya. Ya tsufa a tafintanci kafin in san shi. Da ya ɗauke ni, na yi tsammanin ƙamus zai ba ni. Jakarsa ya ba ni. Na daɗe ina bin sa ofis-ofis ban buɗe baki ba. Ya koya mini inda ake tsayawa: gefe, ɗan baya kaɗan, yadda masu magana za su kalli juna su manta da kai. Ya koya mini in mai magana ya ce "ni", kai ma "ni" za ka ce, ko da ya ce shi ya saci tayar. In ya yi ƙarya ka kai ƙaryar da zafinta. In ya yi wauta kada ka sa mata riga. In kuwa dole ta sa ka yi magana da bakinka, to ka ɗaga hannu ka nemi izini, kowa ya san yanzu tafinta ne ke magana, ba mai shaida ba.

Akwai wani darasi da ban gane darasi ba ne sai daga baya. A hanya yakan ba ni labarin asirin mutane, wane ya saki matarsa ta waya, wane fasfo biyu gare shi. Ashe rabin labaran ƙirƙira yake yi, ya zuba ido ya ga ko za su dawo masa ta bakin 'yan Mansura. Ranar da ya miƙa mini hatimin ofis ya ce, "Na zuba ruwa a tulun nan, ban ga ƙasa ta jiƙe ba."

Kayan aiki ba su da yawa. Hatimi, ƙamus biyu da suka tsufa har bangonsu ya koma na kwalin madara, gorar ruwa don maƙogwaro, da takalmi mai daɗin tsayuwa. Babbansu fuska ce. Ana so ta zama kamar bangon ofis. Na taɓa tsayawa tsakanin wani bakanike ɗan Funtuwa da kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, a kan hutun da aka hana shi. Bakaniken ya ce, "Gaya masa ni ba jakin ubansa ba ne." Tambaya ɗaya Shehu ya yarda tafinta ya yi a irin wannan wuri, na kuwa yi ta: "In faɗa?" Ya ce, "Faɗa." Na faɗa, da muryar mai karanta farashin tumatir. Kafil ya ce lallai ubansa ya taɓa mallakar jaki, kuma ya fi kula da shi a kan 'ya'yansa. Aka sa hannu a takardar hutu. Da na tausasa maganar, da har yau suna gaisawa cikin ladabi babu hutu.

Mummunar shekara ita ce ta annoba, lokacin da aka rufe gari. Ofisoshi suka kulle, takardun aure suka ɗauke, aikin da ya rage na asibiti ne, shi ma ta waya. Sai a kira ni, likita a gefe, mutum a kan gado yana jan numfashi, ni ina ɗakina a Mansura ina maimaita "ni" a madadin wanda ban ga fuskarsa ba. Wani ya ce a gaya wa ƙaninsa inda ya bar makullin mota. Wani Kalmar Shahada kawai yake so a ji ya yi, wannan kuwa ba ta bukatar tafinta. A shekarar Shehu Tijjani ya rasu. Ba annobar ba ce, tsufa ne. Ya ƙi yarda ko a mutuwa ya bi yayi.

To, ga aikin da na zauna don in ba ku labarinsa. Mai shi ya gama karatu ya bar ƙasar, da izininsa nake rubutawa, na kuma sauya abin da za ku gane shi da shi. Kada ku wahalar da kanku da lissafin wa ya zo wa ya tafi.

Zan kira shi Haruna. Ya zo ofis da hantsi, ya zauna ya bar kowa ya riga shi, sai da wuri ya yi sarari ya matso. Saurayi ne siriri mai ɗan gemu, ya sami gurbin digiri na uku a wata jami'a a nan, yana binciken yadda ake tace ruwan teku. Ya jera takardunsa a gabana. Fasfo da katin zama suna ɗauke da sunan Haruna. Shaidar digirinsa na farko da na biyu suna ɗauke da sunan mace. Ba zan rubuta sunan ba. A tsakani akwai takardar rantsuwa ta kotu, da sanarwar sauya suna da aka yanko daga jarida, da bayanin likitoci.

Labarin gajere ne a takarda. An haife shi a wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, ungozoma ta duba ta ce mace, aka raɗa sunan mace. Ya tashi da ɗankwali, ya yi makarantar 'yan mata, ya yi jami'a a ɗakin kwanan mata. Jiki kuwa tun balaga ya kama wata hanya daban. Sai bayan digiri na biyu likitoci suka yi bincike, suka yi aiki, suka rubuta namiji. Hausawa na da kalmar da suke kiran irinsa, mata-maza, amma ban cika jin ta a bakin mai ladabi ba. Shi abin da ya ce mini shi ne, "Malam, ni tun ina ƙarami na san ko wane ne ni. Likitoci ne suka makara."

Na fassara komai, na buga hatimi, ya kai. Bayan ɗan lokaci ya dawo. Kwamitin jami'ar ya ga suna biyu, ɗaya na mace ɗaya na namiji, ya yi zaton da kowane kwamiti zai yi: saurayi ya ɗauko takardun yayarsa. Ba za ka zarge su ba, an sha yin haka. Lauyansu ya ce hatiman gida sun yi kyau, amma yana so ya ji daga bakin mai rai, uba ko uwa, a kan rantsuwa, cewa mai wancan suna da mai wannan mutum ɗaya ne. In ba a samu ba, gurbin karatu ya tafi, katin zama ya bi shi, maganar jabun takardu kuma ta wuce gaba, inda ba a dawowa da dariya. Uban ya rasu. Saura uwa, ta bidiyo, ni ne tafinta.

Na ce, "Ai da sauƙi."

Ya ce, "Malam, ni ne ɗan fari."

Nan na ajiye alƙalami. Ku da aka haifa a zamanin da uwa ke sa hoton ɗanta na fari a waya tana rubuta masa kirari, bari in tuna muku. A gidajenmu na da, har yau a wasu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an ce ɗanta ne sai ta kau da kai. Kunya ce, kuma ana alfahari da wadda ta riƙe ta har kabari.

"Tsohon sunan ma ba ta taɓa faɗa ba," in ji shi. "Da na dawo daga asibiti, ba ta ce komai ba. Ta sa aka kwashe kayana daga ɗakin mata aka kai shagon ƙofar gida, ta aiko da tuwo. Shi ke nan, har yau. Shirun da take yi da, na san na kunya ne. Na yanzu ban san na mene ne ba, don kamarsu ɗaya."

Sai ya sunkuyo. "In ta yi gunaguni, ka ce ta faɗa. Wa zai sani?"

"Ni."

"Haba Malam, kai fa Bahaushe ne. Ka san halin da take ciki."

"Na sani. Abin da ta faɗa zan kai, ko da tari ne."

Ya kwashe takardunsa bai yi sallama ba. Amma ranar da aka sa, ni ya tarar a ƙofa, bai kuma nemi a sauya ni ba.

Ɗakin irin nasu ne, sanyi kamar cikin firji, dogon tebur, babban allo a bango. Lauyan Bamisire ne mai furfura, Ustaz Magdi, da wata magatakarda a gefensa. Haruna ya zauna a ƙarshen tebur. Ni na tsaya inda aka koya mini. Allo ya haska, sai ga tsakar gida da safe, rana ta fara taɓa katanga, kaza na yawo. Ƙanwarsa Rabi ce ke riƙe da waya. Inna na zaune a tabarma cikin hijabi, ƙaramar mace, ta ba mu gefen fuska tana kallon turmi kamar shi ya kira taron.

Aka rantsar da ita, ta amsa da ƙarfi. Ta faɗi sunanta da na mijinta marigayi ta hanyar cewa "mai gidan nan", Rabi ta cike, lauya ya bari ya wuce. Aka juya na'urar ɗaukar hoto ta nuna Haruna.

"Kin san wannan?"

Ba ta waiwayo ba. "Ai kuna tare."

"Ke kika haife shi?"

"Haka mutane ke cewa."

Na juya na faɗa da Larabci, kalma da kalma: haka mutane ke cewa. Alƙalamin magatakarda ya tsaya. Ustaz Magdi ya cire tabarau ya dubi Haruna irin kallon da ake yi wa wanda aka kama. Amsa ce da a ƙauyensu za a ce madalla da 'yar mutunci. A ɗakin nan kuwa igiya ce.

Na ɗaga hannu. Na ce tafinta na neman izini ya yi magana da bakinsa. Ya ba ni. Na yi bayanin al'adar a gajarce, ban ce a yarda da ita ba, ban ce gaskiya yaron ke faɗa ba, don ban sani ba kuma ba aikina ba ne. Ustaz Magdi ya saurara. Ya ce kakarsa ta rasu ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, saboda haka ya gane. "Amma kakata ba ta taɓa ba da shaida a gaban kwamiti ba. Ba zan iya rubuta kunya a takarda ba. Ina bukatar e, ina bukatar suna." Na mayar wa Inna wannan ma da Hausa.

Rabi ta ce, "Ni in faɗa mana."

Lauya ya ce ita ba ta nan ranar haihuwar.

Muna jin Rabi ta rage murya. "Inna, cewa fa suke takardun sata ne. Kore shi za su yi, ƙila ma su kulle."

"Rufe mini baki, ina da kunne."

Haruna ya kafa ido a kan tebur. Kazar ta zo ta leƙa waya ta wuce. Ni na tsaya a gaban alƙalai, na tsaya a bakin gadon masu mutuwa, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, don kowa a ɗakin ya san abin da ake nema a wurinta sai dai babu wanda ya san abin da ke cikinta, har ɗan da ta haifa.

Can ta ce, "Kai mai juya magana."

"Na'am, Inna."

"Ɗan ina ne kai?"

"Zariya."

"To. Zazzagawa akwai iya gyara zance. Kada ka gyara mini. Yadda na faɗa haka za ka kai."

Na fassara har wannan. Ustaz Magdi ya ɗan murmusa, ya mayar da tabarau.

Sai ta juyo. Ta gyara zama ta fuskanci waya sosai, ta kalli ɗanta a gaban baƙi.

"Ni na haife shi. Da damina ne, ana tsakar noman farko. Ungozoma ta ce mace, maza suka yanka rago a kan haka. Ni kuwa ina gani in ana yi masa wanka, na ga abin da na gani. Amma wa ya ce uwar fari ta buɗe baki a kan ɗa? Na yi shiru, ya sha abin da ya sha. Karatun nan da kuke tambaya, shi ya yi abinsa. Ni na sayar da tunkiyata aka saya masa akwati. Ba shi da wata yaya. Shi ne babba."

Na kai maganar jimla bayan jimla, ina cewa "ni na haife shi" da muryata ta tsohon malamin makaranta, magatakarda na rubutawa.

Lauya ya ce, "Sunan da ke kan takardun karatu fa?"

"Wancan ban taɓa faɗa ba, ba kuwa zan fara yau ba. Ku karanto."

Ya karanta. Ta ce, "Shi aka raɗa."

Ustaz Magdi mutumin kirki ne. Ya ga hanya ta samu, ya ɗauki fasfo zai karanto mata na biyun ita kuma ta ce e, kowa ya huta. Na fara gaya mata haka, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"A'a. Wancan liman ya raɗa, gari ya ci nama. Wannan babu wanda ya raɗa, shi kaɗai ya je kotu ya ɗauko abinsa kamar maraya. In ban faɗa ba, wa ya faɗa?"

Ta ja numfashi. Ta faɗe shi a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai taka kogin da ba ta san zurfinsa ba.

"Haruna."

Babu wanda ya dube ni. Babu abin da zan juya. Mutumin da ke ƙarshen tebur, mai digiri biyu, ya miƙe tsaye bai sani ba, kujera ta yi baya.

"Na'am, Inna."

Ta riga ta ja hijabi ta rufe rabin fuska, ta koma kallon turminta. Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, ta ce wa Rabi ta ɗauke mata abin nan daga gabanta. Allo ya yi duhu.

Ustaz Magdi ya daɗe yana goge tabarau da ba su yi datti ba. Ya tattara takardun, ya tura wa Haruna su ta kan tebur da hannu biyu, ya ce magana ta ƙare, nasa ne, zai rubuta wa kwamiti haka yau. Sannan ya juyo gare ni, don lauya ba ya barin saura a kwano.

"Me ta ce a ƙarshe?"

Na gyara tsayuwa na ba shi yadda ta faɗa.

"Ba kiranka na yi ba, shaida na bayar. Kada ka saba."